Shakti na 1982: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin ɗan sanda da ɗansa

Masu kallon finafinan Indiya sun ga mutuwar Amita, wato Amitabh Bachchan, a fim ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya mutu a Sholay, ya mutu a Deewaar, ya mutu a Muqaddar Ka Sikandar. Amma ta Shakti ce ake gardama a kanta har yau, saboda wanda ya harbe shi mahaifinsa ne, kuma fim ɗin ya ƙi yarda ya ce mahaifin mugu ne. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan ana hirar fim ɗin. Wanda bai kalla ba ya sani za a faɗi ƙarshen labarin ƙarara, don ba yadda za a yi a tattauna shi a ɓoye ƙarshen.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na Indiyanci da ya fito a watan Oktoba na 1982. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, wato mutumin da ya yi Sholay a 1975 da Shaan a 1980. Labarin na Salim Khan da Javed Akhtar ne, marubutan nan biyu da ake haɗe sunansu a ce Salim-Javed. Mushir da Riaz suka ɗauki nauyi, R.D. Burman ya yi kiɗa, Anand Bakshi ya rubuta waƙoƙin.

Dilip Kumar ya fito a matsayin Ashwini Kumar, babban jami'in 'yan sanda, Amitabh Bachchan kuma ɗansa Vijay. Raakhee ce uwar, Sheetal. Smita Patil ce Roma, wadda Vijay yake so. Bos ɗin Amrish Puri ne, ana ce masa J.K., sai Kulbhushan Kharbanda a matsayin Narang. Anil Kapoor, lokacin yana ɗan saurayin da ba a gama saninsa ba, ya leƙo a farko da ƙarshe a matsayin jika.

Mene ne labarin?

An buɗe da wani tsoho mai ritaya a tashar jirgin ƙasa, ya zo taryen jikansa Ravi. Yaron ya gama karatu, aikin ɗan sanda yake so ya shiga. Kakan bai hana shi ba. Sai dai ya zaunar da shi ya ba shi labarin abin da wannan aikin ya ci a gidansu.

Shekaru da yawa baya, Ashwini ya kama wani na hannun daman J.K. Sai J.K. ya sa aka sace Vijay yana yaro ƙarami, aka bugo waya: ka saki mutuminmu, mu sakar maka ɗanka. Ashwini ya ƙi. Ya ce su yi duk abin da za su yi da yaron, ko kashe shi ne, shi dai ba zai ci amanar aikinsa ba. Abin da bai sani ba, maganar ta shiga kunnen yaron. Vijay ya samu ya tsere, kuma wanda ya taimaka masa ya kuɓuta ɗaya ne daga cikin 'yan ƙungiyar, Narang. Ya dawo gida ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma daga ranar bai ƙara kallon ubansa da idon da ba.

Da ya girma yana neman aiki, Narang ɗin nan ne ya ɗauke shi a otal ɗinsa. Uban ya ce Narang ɗan fasa-ƙwauri ne, bai yarda ba. Vijay ya tattara ya bar gidan. Aka ƙulla masa sharrin kisan kai, ubansa ya tsaya a kan sai doka ta yi aikinta, wanda ya tsaya masa har ya fito kuwa Narang ne. Daga nan ya tsunduma harkar gaba ɗaya. Sai J.K. ya kashe uwar. Vijay ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda, ya nemo J.K. ya kashe shi, ya zura da gudu. Uban ya bi shi har titin tashin jiragen sama cikin dare, ya yi masa tsawa ya tsaya, bai tsaya ba, ya harbe shi. A hannunsa ya cika.

Me ya sa ake zuzuta haɗuwar Dilip Kumar da Amitabh?

Saboda ba su taɓa haɗuwa a fim ba kafin wannan, ba su kuma sake ba bayansa. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a 1922, ya fara fim a 1944, kuma shi ne ma'aunin da ake auna jarumai da shi shekaru da dama. Ya ɗan janye daga fim bayan 1976, ya dawo da Kranti a 1981 a matsayin dattijo. Amitabh kuwa, haifaffen 1942, a 1982 ba wanda ya kama ƙafarsa a kasuwa. Tazarar shekara ashirin ce tsakaninsu, daidai ta uba da ɗa, kuma Amitabh bai taɓa ɓoye cewa Dilip Kumar ne gwaninsa ba. Wannan girmamawar ta fito a fim ɗin. Duk inda suka tsaya gaba da gaba, za ka ga dogon yana ɗan sunkuyar da kai.

Uban ya yi daidai da ya ƙi sakin mutumin J.K.?

Nan ne majalisa take rabuwa biyu. Kuma tambayar ta fi nauyi yau fiye da lokacin da fim ɗin ya fito. A wancan zamani mai kallo a Kano ko Damagaram zai ɗauki sace yaro a bugo wa ubansa waya a matsayin abin da ake gani a fim kawai. Yanzu akwai gidaje a Zamfara da Katsina da Kaduna da irin wannan wayar ta shigo musu, sun san yadda ƙafa take kasa ɗaukar mutum idan ya ji muryar ɗansa a hannun wasu. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin tafa wa Ashwini ba.

Duk da haka, a ganina hukuncin da ya yanke daidai ne, kuma dalilin yana cikin abin da aka nema. Ba kuɗi J.K. ya nema ba. Da kuɗi ne, dukiyarsa ce, yana iya sayar da gida ya bayar ba wanda zai ce masa don me. Abin da aka nema ba nasa ba ne, fursuna ne da hukuma ta ba shi amana. Ranar da ya buɗe wannan ƙofar, ɗan kowane ɗan sanda a birnin ya zama mabuɗin kurkuku, duk wanda aka kama sai mutanensa su je bakin makarantar firamare su jira. Sannan ba wai ya ajiye waya ya koma ya kwanta ba ne, ya bazama neman maɓoyar da mutanensa. Yaron ne dai ya riga su fita.

Sai dai ƙaramin yaro ba ya jin wannan lissafin. Abin da ya ji shi ne muryar Baba tana cewa a kashe shi, kuma da ya waiga neman mai ceto, ɗan ta'adda ya gani.

To in ya yi daidai, ina laifinsa?

Laifin ba a wayar yake ba, a shekarun da suka biyo baya yake. Yaro ya dawo ya canza, ya daina sakewa da ubansa, ya koma shiru-shiru. Mutumin da aikinsa ke nan karantar fuskar mai laifi ya kasa karanta ta ɗansa, ko kuma ya karanta ya rasa ta inda zai fara. Ba mu ga ranar da ya kira shi ɗaki ya ce zo nan, ka ji abin da na faɗa ran nan, ga dalilina, ga kuma halin da na shiga bayan na ajiye wayar ba. Duk lokacin da suka yi magana bayan Vijay ya girma, doka ce a bakinsa. Har a bakin teku, inda ya je ya same shi su biyu kawai, gargaɗin jami'i ne ya fi fitowa, alhali idonsa wani abin daban yake faɗa.

Bahaushe ba baƙon wannan shirun ba ne. A gidajenmu da yawa uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa a kan idonsa. Amma yaron da wuya ya ɗauke shi ƙiyayya, domin gidan cike yake: akwai kaka, akwai gwaggo, akwai baffa, su ne suke tsegunta masa cewa ai jiya babanka bai yi barci ba da kake zazzaɓi. Vijay ba shi da ko ɗaya. Su uku ne rak a gidan, shi da uwa da uba. Duk nauyin fassara zuciyar uban ya hau kan mace ɗaya, ita kuma ɗan yana ganin kare mijinta kawai take yi. Kawaici yana tafiya lafiya ne idan ba a taɓa jin wata magana da ta ƙaryata shi ba. Shi kuwa ya ji.

Shi ya sa ƙarshen yake da ciwo. Vijay yana kwance jina-jina ya gaya wa uban cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya cire son sa daga zuciyarsa ya kasa. Uban ya ce shi ma yana son sa. Maganar da za a yi a falo da yaro ɗan firamare, sai da aka yi ta a kan kwalta bayan an harba bindiga.

Vijay ba shi da laifi ke nan?

Yana da shi, kuma fim ɗin bai wanke shi ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya riƙe maganar nan yana renonta, har ta zama abin da yake fassara komai da ita: in uban ya yi masa faɗa, ai dama, in ya bar doka ta hau kansa, ai dama. Lokacin da ya shiga harkar Narang da gaske ba yaro ba ne, ya san abin da ake shigowa da shi, ya san kuma wanda zai zo kama shi. Akwai alamar ma abin da yake so ke nan, ya tilasta wa uban ya sake zaɓa tsakaninsa da aikin, ko wannan karon za a zaɓe shi.

Abin da ya sa mai kallo ba ya tsanarsa shi ne bai taɓa yi wa uban rashin kunya irin ta ɗan iska ba. Yana da baƙar magana, amma a ladabce yake yaɓa ta.

Wace magana ce ta "mata biyu" da ake yawan ambata?

Wata fitowa ce da Vijay ya sha ya bugu, yana yi wa Roma bayanin gidansu. Ya ce ubansa mata biyu ya aura: ɗaya mahaifiyarsa, ɗaya kuma aikin ɗan sanda. Shi ne ɗan ta farkon, ɗan kishiyar kuwa ita ce doka, kuma uban ya fi son ɗan kishiyar. A Indiya wannan magana ce ta azanci. A wurinmu kuwa ba sai an yi wa kowa sharhi ba, duk wanda ya tashi a gidan da ake 'yan ubanci ya san yadda yaro yake ƙirga wa aka saya wa takalmi, wa aka kai asibiti da wuri. Salim-Javed sun ba Vijay ɗan uban da ba ya ganuwa, ba ya kuskure, ba a kuma iya dambe da shi. A nan Amitabh ya nuna buguwa ba irin ta barkwancin da ya saba ba, murya ƙasa-ƙasa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tsakanin jaruman biyu wa ya fi iya wasa a fim ɗin?

Kyautar jarumi mafi kyau dai Dilip Kumar aka ba. Mutane da yawa a lokacin sun ce dattijon ya shanye yaron, wasu masoyan Amita ma har haushi suka ji. Ni ban yarda an shanye kowa ba. Rabon aiki aka yi: uban aka ba magana, ɗan aka ba shiru. Dilip Kumar yana da salonsa na jan numfashi kafin kalma, ya yi magana a hankali kamar yana auna kowace kafin ya sake ta, kuma wannan ya dace da mutumin da ya mayar da ƙa'ida garkuwa. Amitabh kuwa, wanda aka saba ya cika sinima da murya, an ce ya haɗiye. Haɗiyewar ta fi wuya, kuma ba ta cika jawo tafi ba.

Wanda yake son ya yi hukunci da kansa ya kalli fitowar gawar Sheetal. An kawo Vijay daga inda ake tsare da shi don ya yi ban kwana da mahaifiyarsa. Gida cike da masu zaman makoki, gawa a shimfiɗe, uban yana zaune a gefe ya zama wani ƙaramin tsoho, duk kwarjinin kakin ya tafi. Vijay ya durƙusa wajen uwar ya yi kukansa. Sannan ya ɗago ya ga uban. Ya matsa kusa da shi, ya ɗora hannu a kan nasa. Suka dubi juna, hawaye na zuba. Ba wanda ya ce uffan. Marubutan da suka yi suna da zafafan kalamai sun ajiye alƙalami a daidai wurin da kowa yake jiran jawabi, kuma a duk fim ɗin nan ne kaɗai za ka ga su biyun ba ɗan sanda da mai laifi ba. Ba a jima ba Vijay ya tsere, aka koma gidan jiya.

Gaskiya ne wadda ta fito uwarsa ta girme shi da kaɗan ne kawai?

Ba ta ma girme shi ba. An haifi Raakhee a 1947, Amitabh ya ba ta kusan shekara biyar, kuma ta sha fitowa masoyiyarsa, kamar a Kabhi Kabhie na 1976 da Kasme Vaade na 1978. Jarumar da take kan ganiyarta ta yarda a shafa mata furfura ta zama uwar tsohon saurayinta na fim, ba ƙaramar kasada ba ce. Ta kuma riƙe rawar. Sheetal tana tsaka mai wuya: ta san mijinta yana kan gaskiya, ta san ɗanta yana da ciwo, kowanne ta je wurinsa sai ta kare ɗayan. Ita ce kaɗai hanyar da saƙo yake bi tsakaninsu, shi ya sa da aka kashe ta labarin bai ƙara nisa ba.

Shi Narang mugu ne ko mutumin kirki?

Shi ne dabarar da ta fi burge ni a rubutun. Duk abin da ake tsammanin uba ya yi, shi ya yi: ya cece shi yana yaro, ya ba shi aiki da ya rasa, ya tsaya masa da aka kulle shi. Kuma ba a nuna yana yi da wata muguwar niyya a ɓoye ba, da alama son yaron yake da gaske. Amma ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma inuwar da ya ba Vijay ita ce ta kai shi titin jirgin nan. Kharbanda ya yi shi a natse, ba zare ido ba ihu, har ka manta shi ne Shakaal mai aske kai na Shaan shekara biyu kafin nan. Da an yi Narang mugu ƙarara, da zaɓin Vijay ya zama wauta. Da yake an yi shi ubangida mai alheri, sai ka ga yadda yaro mai hankali zai iya bin sa da idonsa a buɗe.

Ba maimaicin Deewaar ko Mother India ba ne?

Dangi ne, ba shakka. A Mother India na 1957, wanda tsofaffin masu zuwa sinima a Kano suka haddace, uwa ce ta harbe ɗanta. A Gunga Jumna na 1961 ƙane ɗan sanda ne ya harbe wansa, kuma wan da aka harbe Dilip Kumar ne da kansa. A Deewaar na 1975 ma ɗan'uwa ne. Akwai kuma wani fim na yaren Tamil na 1974, Thangappathakkam, na Sivaji Ganesan, wanda shi ma labarin ɗan sanda ne da ɗansa mai laifi. Kai, Dilip Kumar ya taɓa zama ɗan da ya yi wa uba tawaye, a Mughal-e-Azam na 1960, inda ya fito Yarima Salim gaban Sarki Akbar. A Shakti ya koma ɗaya kujerar.

Inda Shakti ya bambanta shi ne a nan. Fusataccen saurayin da Salim-Javed suka gina wa Amitabh tun daga Zanjeer a 1973, wanda sau da yawa sunansa Vijay, kullum ba shi da uba a kusa. A Zanjeer an kashe iyayen yana yaro. A Deewaar uban ya gudu ya bar su da abin kunya. A Trishul na 1978 uban ya yaudari uwar ya auri 'yar masu kuɗi. A duk waɗannan fushin yana da inda zai sauka, mai kallo kuma yana da wanda zai tsana. A Shakti uban yana gida, ba ya shan giya, ba ya cin hanci, bai wulaƙanta uwar ba. Mutumin kirki ne. Fushi da mutumin kirki ba ya da mafita, sai dai ya ci mai shi.

Marubutan daga rayuwarsu suka ɗauko labarin?

Ba tarihin kowa ba ne. Sai dai abu biyu sanannu ne: mahaifin Salim Khan babban jami'in 'yan sanda ne a Indore, kuma Javed Akhtar ɗan mawaƙi Jan Nisar Akhtar ne, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun dangi nesa da uban. Mutum biyu masu irin wannan tasowa ba abin mamaki ba ne su yi ta komawa kan uba a rubutunsu. Shakti yana cikin ayyukansu na ƙarshe tare, domin a wannan tsakanin ne suka raba gari. Mr. India ya fito da sunansu a 1987, amma tsohon rubutu ne.

Akwai waƙoƙi da faɗa kuwa, ko duk surutu ne?

Akwai, amma ba su ne jarin fim ɗin ba. Waƙoƙin kaɗan ne. Wadda ta fi shahara ita ce ta soyayya da Kishore Kumar da Lata Mangeshkar suka rera wa Vijay da Roma. Faɗa kuma akwai na cikin jirgin ƙasa, inda Vijay ya kare Roma daga 'yan iska, nan suka fara haɗuwa. Wanda ya zo neman barkwanci da rawa irin na Namak Halaal, wanda Amitabh da Smita Patil suka yi a wannan shekarar, zai koma da yunwa.

Ya yi kasuwa? Ya ci kyauta?

Bai ko kusanci kasuwar Sholay ba. Lokacin fitarsa ma ya zo da nasa yanayin: ranar 26 ga Yuli, 1982, Amitabh ya ji mummunan rauni a ciki wajen ɗaukar fim ɗin Coolie, ya yi makonni a asibiti a Bombay rai kwakwai mutu kwakwai, ƙasar gaba ɗaya tana yi masa addu'a. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan aka saki fim ɗin da yake mutuwa a ciki, bai ma yi nasara a kan kowa ba in ban da J.K. Ba abin da masoyansa suke marmarin gani ke nan ba.

A kyaututtukan Filmfare na 1983 kuwa, waɗanda ake ba finafinan Indiya duk shekara, ya yi rawar gani: fim mafi kyau, jarumi mafi kyau ga Dilip Kumar, da tsarin labari ga Salim-Javed. Ita ce ta takwas kuma ta ƙarshe da Dilip Kumar ya ci a wannan rukuni, adadin da sai Shah Rukh Khan ne ya kamo daga baya. Amitabh yana cikin waɗanda aka tsayar. Kyautar darakta ta wuce Ramesh Sippy, Raj Kapoor ne ya ɗauka da Prem Rog.

Me ya sa bai harbe shi a ƙafa ba?

Kowa ya yi wannan tambayar, kuma tana da hujja. Mutum ne yake gudu, ba harbi yake yi ba, jami'in da ya ƙware kuma yana da zaɓi. In da gaske ne ma, hukumar da ta san abin da take yi ba za ta bar uba ya riƙe binciken ɗansa ba tun farko, komai gaskiyarsa. Amsar ita ce labarin tun daga wayar nan yake tafiya zuwa wannan harsashin: abin da Ashwini ya faɗa da baki ranar, sai da aka sa shi ya aikata da hannunsa. A matsayin wasan kwaikwayo ya zauna daram. A matsayin aikin ɗan sanda akwai magana.

Ina fim ɗin ya gaza?

J.K. fanko ne. Amrish Puri ya yi abin da aka ba shi, amma ba a ba shi komai ba sai mugunta, kuma duk lokacin da labari ya koma kansa sai zafin ya ragu. Sharrin kisan da aka ƙulla wa Vijay an ɗinka shi da babban zare. Smita Patil, wadda ta fi ƙarfin rawar da aka ba ta, yawanci sauraro take yi. Tsawonsa kuma ya doshi awa uku.

Abin da ya fi damuna shi ne jikan. Bayan ya ji duk wannan labari, ya ji yadda kakansa ya kashe ubansa, Ravi ya ce shi dai har yanzu ɗan sanda zai zama, aka rufe a kan haka. Kamar an yi saurin shafa wa tsohon kai ne, a ce masa kada ka damu, ka yi daidai. Fim ɗin ya yi awa biyu da rabi yana nuna cewa maganar ba ta da sauƙi haka.

Za a iya kallonsa da iyali?

Da manyan yara, e. Babu tsiraici. Akwai shan giya da harbe-harbe, kuma Vijay ya zauna gida ɗaya da Roma har ta samu ciki kafin su yi aure, wanda ya kamata mai gida ya sani kafin ya kunna. Ƙananan yara kuwa fitowar sace yaron tana iya tsorata su, musamman a wannan zamani.

Wanda ba ya jin Indiyanci ya nemi mai rubutun fassara a ƙasan allo. Irin fassarar bakin da ake cusa barkwanci duk inda jarumai suka yi shiru tana da daɗinta a finafinan faɗa, amma wannan za ta lalata shi, don rabin abin da ake faɗa a cikinsa ba da baki ake faɗa ba.

Na nema a intanet na ga wani Shakti da Shah Rukh Khan a ciki, shi ne?

Ba shi ba ne. Wancan na 2002 ne, na Karisma Kapoor da Nana Patekar da Sanjay Kapoor, Shah Rukh ya fito a wani ɓangare, kuma labarinsa na wata mata ce da take ƙoƙarin ƙwato ɗanta daga gidan surukinta. Suna kawai suka haɗa. Ka rubuta sunan tare da 1982 ko sunan Dilip Kumar, zai fito.